Tsohon Madubi a Gidajen Kano: Yadda Ake Gane Shekarunsa da Darajarsa

Daga cikin kayayyakin gado da ake samu a tsofaffin gidajen birnin Kano, madubi na cikin waɗanda aka fi yi wa ƙarin shekaru. Da zarar an ga bayansa ya yi baƙi, sai a ce tun zamanin Sarki Alwali yake, alhali kuwa damina ashirin a ɗaki mai laima ta isa ta mayar da madubin kanti haka. Saboda haka ya kamata malamai da masu riƙe da kayan gado su san alamomin da ake dubawa.

Ba a ƙera gilashin madubi a ƙasar Hausa ba, fatake ne suke kawo shi. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a shekarar 1851, zamanin Sarki Usman, ya kuma lissafa hajojin Turai da ake kawowa kasuwar birnin. A cikinsu akwai madubai da allurai daga birnin Nurembag, da takubba daga Solingen. Ta Turabulus da Gat da Agadas ayari yake biyowa da su. Wannan kaɗai ya ba mu ma'auni na farko, domin kayan da zai yi watanni a bayan raƙumi dole ya kasance ƙarami. Babban madubi mai tsayin mutum kuwa, mafi yawa bai shigo ba sai bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwara suka kafu.

Ma'auni na biyu, wanda ya fi kowanne ƙarfi, shi ne abin da aka shafa a bayan gilashin. Tun daga ƙarni na 16 maƙeran Benis ta ƙasar Italiya suke shimfiɗa fallen kuza, su zuba masa zaiba, sa'an nan su ɗora gilashi a kai. A shekarar 1835 wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, ya gano hanyar shafa azurfa, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni ta ture ta zaiba, musamman da yake zaibar tana nakasa ma'aikata. Madubin zaiba haskensa a dushe yake, ya yi toka-toka, idan kuma ya tsufa sai a ga wani ƙyalƙyali kamar an barbaɗa yashi, galibi daga ƙasa inda zaibar take gangarowa. Na azurfa ya fi haske, kuma lalacewarsa baƙaƙen tabo ne da sukan faro daga gefe. Duk wanda ya sami na zaiba, to kada ya kife shi ko ya kwantar da shi, kada kuma yara su taɓa ɗigon da yake taruwa a gindin firam, domin guba ne.

Shi ma gilashin yana da nasa bayani. Na dā busa shi ake yi, don haka akan ga 'yan ƙwayoyin iska a ciki, fuska kuma takan ɗan karkace idan mutum ya gusa. A ɗora bakin fensir a kansa: tazarar da ke tsakanin fensirin da hotonsa ita take nuna kaurin gilashin, idan kuma ta bambanta daga wannan kusurwa zuwa waccan, aikin hannu ne. Gilashi sumul wanda ba shi da ko ɗigon aibi, akasari na bayan 1959 ne, lokacin da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da sabuwar hanyar yin sa.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne firam. Sau da yawa gilashi da gidansa ba tsara ba ne. Madubi kan fashe a sa sabo cikin tsohon katako, ko kuma dukawa su yi wa tsohon gilashi sabuwar riga ta jar fata da zayyana. A juya bayansa a dubi ƙusoshi: ƙusa mai kusurwa huɗu ta girmi mai zagaye, wadda ba ta yawaita ba sai ƙarshen ƙarni na 19, noti mai kan gicciye kuwa bai wuce shekarun 1930 ba.

Game da kuɗi, gaskiyar magana ita ce madubin fatake kayan araha ne tun asali, kuma a yau ma gilashin kaɗai ba zai kawo wani abin kirki ba. A ganina abin da ke ɗaga darajarsa shi ne aikin fatar da aka yi masa a nan gida, da kuma sanin hannayen da ya bi, wato wace ce aka yi wa jere da shi, a wace unguwa, zamanin wane sarki. Wannan bayani a bakin tsofaffi yake, ya kamata a rubuta shi a ajiye tare da madubin. Sake shafe bayansa don ya yi haske kuwa yana share shaidar shekarunsa gaba ɗaya. Kafin kuma a miƙa shi ga dillali, a tuna dokar gidajen tarihi ta 1979 ta sanya aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba tare da izini ba. Rigar fatar da dukawa suka ɗinka tana iya shiga ƙarƙashin wannan doka, ko da gilashin daga Nurembag ya zo.