Binciken Bayan Digirgir a Fagen Rarrabe Aisotof Masu Tururi

Kafin mu shiga batun aikin, ya kamata mu daidaita kan wasu kalmomi. Kowane sinadari yana da ƙwayar zarra irin tasa, amma ƙwayoyin sinadari ɗaya kan bambanta da juna a nauyi, kuma kowane nau'i daga cikinsu shi ake kira aisotof. Wasu aisotof ɗin ba su da natsuwa, suna fitar da tururi mai ratsa jiki yayin da suke rikiɗewa. Tsawon lokacin da rabin abin da ke hannu ke ɗauka kafin ya rikiɗe shi muke kira rabin-rai. Ilimin sarrafa waɗannan sinadarai da raba su da juna shi ne rediyokemistiri. Fosdok kuwa muƙami ne na wucin gadi, galibi shekara 2 zuwa 3, wanda mai digirin digirgir ke riƙewa a ƙarƙashin babban masani kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Hanyoyin rarrabewar da mai wannan muƙami ke aiki da su sun kasu uku. Ta farko ita ce sa abin da ake nema ya kwanta a ƙasan ruwa ko ya daskare, kuma da irinta Marie Curie ta tace kimanin kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin rediyom a 1902 daga tulin dutsen ma'adini. Ta biyu ita ce kaɗa ruwan asid da wani ruwa mai maiƙo da ba ya gauraya da shi, sinadarin da ake so ya ƙaura zuwa ɗayan. Ta uku, wadda ta fi yawa a aikin magani, ita ce zuba ruwan ta cikin bututu mai cike da ƙananan ƙwayoyi da ke riƙe wani sinadari su saki wani. Wuyar aikin tana bayyana a lutetiyom-177, mai rabin-rai na kwana 6.6, wanda ake jinyar wasu nau'o'in sankara da shi. Ɗaya daga hanyoyin samar da shi ita ce harba niyutiron, wato ɓangaren cikin zarra marar caji, kan itabiyom-176. Sinadaran nan biyu maƙwabta ne da halayensu suka yi kama ƙwarai, ga shi ɗan kaɗan ake nema cikin mai yawa, sannan dole a dawo da itabiyom ɗin saboda tsadarsa.

Akwai kuma iyakar da kemistiri ba ya ƙetarewa. A ɗakin binciken Oak Ridge da ke Amurka ana tatsar aktiniyom-225, mai rabin-rai na kusan kwana 10, daga tsohuwar ajiyar toriyom-229, amma abin da ake samu bai kai bukata ba. Don haka aka haɗa hannu da ɗakunan binciken Brookhaven da Los Alamos ana harba furoton, ɓangaren zarra mai caji, kan toriyom-232. Sai dai wannan hanyar tana zuwa da ɗan aktiniyom-227, mai rabin-rai na kusan shekara 22, kuma tunda su biyun sinadari ɗaya ne, babu asid ko bututun da zai raba su. Irin wannan matsala ce ake ɗauko fosdok ya zauna a kanta, yana aiki ta bayan gilashi mai kauri da hannayen ƙarfe, abin da yake tacewa kuma yana raguwa kowace awa.

Wuraren aikin ma iri uku ne: manyan ɗakunan bincike na ƙasa kamar waɗanda muka ambata da TRIUMF ta Kanada da iThemba ta Afirka ta Kudu, jami'o'i masu asibitin koyarwa, da kamfanonin haɗa magani. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004. Ta dace da koyarwa da gwajin ma'adinai, ba da samar da aisotof na asibiti da yawa ba.

A ganinmu, babbar damuwar wannan mataki ita ce rashin daidaito tsakanin gajartar muƙamin da tsawon horon. Rahoton Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka na 2012 ya nuna fargaba kan ƙarancin masu tasowa a fagen, saboda ƙwarewar hannu ce da ba a ɗaukarta daga littafi. Sabon fosdok kan ci watanni yana horon kariya daga tururi, a wasu wuraren har da tantancewar tsaro, kafin a bar shi ya taɓa komai. Bayan haka sai ya jira jadawalin tukunya ko na'urar harbi, wadda idan ta tsaya gyara aikinsa ya tsaya. Maƙalunsa kan yi kaɗan idan aka gwada da na takwaransa a wani reshen kemistiri, alhali da yawan maƙala jami'o'i ke auna mutum. Shi ya sa muke ganin mai neman muƙamin ya fara tambayar sau nawa ake harbi a shekara, wane ne zai tsaya a kansa a ɗakin aiki, kuma an yarda a wallafa sakamakon ko na sirri ne.