Ƙullin Kintinkiri a Kan Kati: Sana'ar da Ta Tashi Daga Gidan Esther Howland

A shekarar 1847, wata budurwa 'yar shekara 19 mai suna Esther Howland ta kammala karatu a makarantar mata ta Mount Holyoke, ta koma gidan mahaifinta a garin Worcester da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Uban yana da babban kantin littattafai da kayan rubutu. Ana nan sai wani abokin cinikinsa ya ba ta kyautar katin ranar masoya ɗan Ingila, wanda aka yi wa ado da takarda mai huji-huji kamar leshi. Ta jujjuya shi, ta ga babu abin da zai gagare ta a ciki.

A lokacin Ingila ce ke riƙe da wannan kasuwa. Tun 1834 wani ma'aikacin takarda a Landan, Joseph Addenbrooke, ya gano dabarar goge tudun takardar da aka yi wa zane har ta koma leshi. A 1840 kuma aka fito da kan sarki na kwabo ɗaya, aika wasiƙa ya yi araha, katuna suka yi ta yawo.

Esther ta sa aka yi mata odar takardar leshi da hotunan furanni daga Ingila, ta haɗa samfuri goma sha biyu, ta ba ɗan'uwanta da ke fita tallan kayan kantin. Burinta a samu odar dala 200. Ya dawo da ta dala 5,000. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ta tara ƙawayenta a wani ɗaki na gidansu, kowacce da aikinta: wannan ta yanka hoto, waccan ta liƙa, kati na wucewa daga hannu zuwa hannu. Masu tsada daga cikinsu su ne ake yi wa ado da kintinkiri da leshi mai ruwan zinari.

Ƙullin kintinkirin nan, duk ƙanƙantarsa, shi ke tona asirin mai aiki. Siliki ba ya shiri da gam. Ɗigo ɗaya ya wuce kima, sai ya ratsa zaren ya bar tabon da ba ya fita. Shi ya sa har gobe gwanayen masu haɗa kati da hannu kan huda ƙananan kafofi biyu a jikin katin, su zura kintinkirin ta baya, su ɗaure shi ta gaba. Wasu kuma sukan ƙulla shi daban, kunnuwa biyu daidai wa daida kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, sannan su ɗan shafa gam a ƙarƙashin ƙullin kaɗai. Jelar biyu a karkace ake yanke su da almakashi mai kaifi, don kada zaren ya warware. Kuma dole ƙullin ya kwanta, in ba haka ba ambulan ya murƙushe shi kafin ya isa hannun mai shi. Aiki ne na ido da haƙuri, kuma abin takaici ne yadda sunayen yawancin matan da suka yi shi suka ɓace.

Kasuwa ta buɗe wa Esther har cinikin shekara ya kai kusan dala 100,000, ta kafa kamfanin New England Valentine Company. A farkon shekarun 1880 ta sayar wa George Whitney da shi domin ta yi jinyar mahaifinta. Ta rasu a 1904, ba ta taɓa aure ba. Whitney ya karkata ga injuna, kamfaninsa ya ci gaba har 1942, lokacin da ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka rufe shi. Masu tara tsofaffin katuna a yau, in ɗaya ya shigo hannunsu, bayansa suke fara dubawa, suna neman jan harafin H da Esther ke sa wa nata.