Daga Lahadi Zuwa Lahadi: Tarihin Aikin Sa Kai A Ikilisiyar Wusasa

A wannan karon zan ɗan jingine ƙagaggen labari, mu leƙa tarihin wasu 'yan uwanmu da ba kasafai mu marubuta muke saka su a littattafanmu ba. Ina nufin Kiristocin Wusasa, garin nan da ke gefen Zariya kusa da dutsen Kufena, waɗanda Hausa ce harshen gidansu, da ita suke ciniki, da ita suke sujada, da ita kuma suke binne mamatansu.

Duk wanda zai ba da labarin Wusasa, da sunayen manya yake farawa. Zai ce maka daga wannan jama'a Dokta Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma yau babban asibitin koyarwa na Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Zai ambaci Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Zai kuma tuna maka cewa Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, domin mahaifinsa mai bishara ne da ya zo daga ƙasar Angas. Duk wannan gaskiya ne. To amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wa yake share majami'ar da waɗannan manya suka zauna a cikinta suna yara? Wa ya zaunar da su a tabarma ya koya musu baƙi da wasali ran Lahadi? Amsar ita ce talakawan ikilisiya, mata da maza, waɗanda ba a biyan su ko anini, kuma a ganina aikinsu na mako-mako shi ne ya riƙe wannan jama'a har ta kawo yau.

Bari mu fara daga tushe. A shekarar 1900 ne wata 'yar tawaga ta mishan ɗin CMS na cocin Angilikan, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta iso Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ce su fita masa daga gari, sai suka koma Girku a ƙasar Zazzau suka yada zango. A cikinsu akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wajen Hausawan da ke zaune can. Shi ne a 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne zuwan Isawa. Su Isawa almajiran wani malami ne, Malam Ibrahim, wanda a ƙarni na 19 ya riƙa fifita matsayin Annabi Isa a karatunsa, har abin ya kai ga aka kashe shi a Kano, mabiyansa suka watsu zuwa wajejen Ningi da ƙauyukan Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemo Miller, daga bisani aka kafa musu mazauni a Gimi, inda suka yi gonaki da makaranta da wurin sujada. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya afka wa garin, ya kashe mutane da yawa, dole waɗanda suka tsira suka tashi, aka kwashe yara da dama zuwa Zariya. Mai karatu ya lura da wannan wuri da kyau. Jama'a ce 'yar ƙarama, mai yawan marayu da zawarawa, wadda danginta na jini da yawa sun juya mata baya saboda sauya addini. Wanda ba shi da dangin da zai kai wa kuka, dole ya mai da abokin sujadarsa ɗan uwa. A nan nake ganin asalin zumuncin da za mu yi magana a kai.

A 1929 aka tashi mishan daga cikin birni aka koma Wusasa, domin hukuma da masarauta ba su so zamansa a cikin ganuwa ba. Nan aka gina majami'ar Saint Bartholomew, kuma wanda bai taɓa ganinta ba zai yi mamaki, don kuwa ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, da bakan gizo da kaurin bango, kai ka ce soron wani basarake ne. Daga baya asibitin Saint Luke da makarantu suka kafu a kewayenta. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya san halinsa: in ba a yi masa yaɓe ba, ba a duba indararo kafin damina ba, shekara kaɗan zai zube. Ginin da ya haura shekara 90 yana tsaye shaida ne cewa ba a taɓa rasa masu kula da shi ba.

To yaya makon ikilisiya yake tafiya? Tsarin da zan zayyana shi ne za ka tarar a Wusasa da sauran majami'un da ake sujada da Hausa, ko na Angilikan ne, ko ECWA, ko COCIN, ko EYN, illa dai ranaku da sunaye sukan ɗan bambanta.

Lahadi ita ce uwar mako. Tun da sassafe masu shirya wurin zama sun iso, sun jera benci, sun goge bagadi. Yara sukan ware zuwa makarantar Lahadi, inda malamansu, waɗanda galibi ɗalibai ne ko ma'aikata ko matan aure da suka ɗauki aikin don kansu, ke koya musu labaru da ayoyin haddacewa. A cikin majami'a kuwa akwai mai karanta nassi, da 'yan kwaya, da mai sanarwa. Sanarwar nan kada ka raina ta, domin ita ce jaridar gari: wance ta haihu, wane yana kwance a asibiti, za a ɗaura auren su wane, ana neman masu zuwa gaisuwar mutuwa ƙauye kaza. Bayan an karɓi baiko da zakka, dattawa da ma'aji za su zauna su ƙirga a gaban juna, magatakarda ya rubuta. A duk waɗanda na lissafa, limamin coci da mai bishara ne kaɗai ke da ɗan albashi.

Tsakiyar mako akwai addu'ar safe ga masu iya fitowa kafin su tafi gona ko ofis, akwai nazarin Littafi Mai Tsarki da yamma, akwai ajin masu shirin baftisma, sannan 'yan kwaya suna da ranakun koyon waƙa. Samari da 'yan mata kuma suna da ƙungiyoyin fareti, wato Boys' Brigade da Girls' Brigade, waɗanda jama'a ke ce wa 'yan birged. Ta samarin an kafa ta ne a birnin Gilasgo a 1883, ta shigo Nijeriya ta Ikko a 1908, kafin ta hauro Arewa. Su ne masu ganga da bigila, su ne masu tsare hanya ranar biki, su ne kuma ake kira in za a kafa rumfa ko a haƙa kabari. Tun daga shekarun 1960 kuma aka samu 'yan Sabon Rai, masu fita ƙauyuka wa'azi da waƙa da kuɗin aljihunsu.

Amma in ana maganar ƙashin bayan ikilisiya, to Zumuntar Mata ake nufi. A cocin Angilikan akwai kuma ƙungiyar iyaye mata ta Mothers' Union, wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, sai dai sunan da ya fi zama a bakin mutanen Arewa shi ne Zumuntar Mata. Rana guda a mako sukan taru da yamma, bayan an sauke tukunya. Za su yi addu'a, a karanta nassi, wata ta yi bayani, sannan a koyi sabuwar waƙa da kiɗan tulu da kacau-kacau, irin wadda ɗaya ke bayarwa saura suna amshi, kamar dai yadda matan Hausawa ke yi wajen daɓe ko niƙa. Daga nan sai a shiga ainihin aiki: kowa ta ajiye ɗan abin da ta samu, a rubuta a littafi, a yanke shawarar inda za a kai shi. Mai jego za a kai mata sabulu da hatsin kunu. Wadda mijinta ya rasu za a raba kwana a gidanta, wasu su yi girki, wasu su ɗebo ruwa. In amarya za a kai, su ne masu gara da yi mata faɗa. In rikici ya shiga tsakanin mata da miji, sau da yawa tsofaffin zumunta ne ke fara shiga kafin magana ta kai gaban dattawa.

Ni kaina na ga wannan a unguwar da na taɓa zama, lokacin da wata maƙwabciyarmu ta yi doguwar jinya. Mata ne cikin anko iri ɗaya suke zuwa bi da bi, wannan ta kawo kwanon tuwo, waccan ta wanke kayan yara, har Allah Ya ba ta lafiya. Da na dubi abin sai na ga ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Adashi ne da gayya da biki, waɗanda kakanninmu suka sani tun kafin zuwan Bature, aka shigar da su cikin majami'a aka yi musu rana da littafin rajista. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, su kuwa sun mai da zuwan nan wajibi na kowane mako.

Asabar ranar shara ce da wanke-wanke, ana raba ta unguwa-unguwa ko ƙungiya-ƙungiya. A majami'un ƙauye har gayya ake yi a gonar coci ko ta mai bishara, don abin da ake ba shi ba ya isa. In kaka ta yi sai a yi bikin godiya, manomi ya kawo damin dawa, mai kiwo ya kawo kaza ko akuya, a yi gwanjonsu a zuba kuɗin a asusun gini ko na taimakon gajiyayyu.

Yanzu bari in zo inda abin ya shafe mu, mu masu rubutu da karatun Hausa. Addinin da aka kawo Wusasa na littafi ne, kuma an so kowane mai bi ya iya karantawa da kansa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, aikin da Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da wasu Turawa da Hausawan da suka taya shi. Ga littafin addu'a, ga littafin waƙoƙi, duk da Hausa. Saboda haka ajin baftisma da makarantar Lahadi da taron zumunta suka zama azuzuwan koyon karatu, tun kafin gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba sai ka gan ta tana bin layi da yatsa tana haɗa baƙi. Kuma kada mu manta, a cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa da aka buga a shekarun 1930 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, ɗan wannan jama'a, ya rubuta tare da Rupert East. Labari ne na soyayya da auren da kuɗi ya raba da kuma ramuwar gayya, wato irin jigon da mu 'yan adabin kasuwa muke ta juyawa har gobe. Ashe ke nan a cikin kakannin sana'armu akwai mutumin Wusasa.

An gwada ƙarfin wannan tsari ba sau ɗaya ba. Miller ya rasu a 1952, Turawan mishan suka yi ta raguwa bayan samun mulkin kai. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, har kwalejin Saint Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. A watan Maris na 1987 rikicin da ya faro daga Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da wasu garuruwa, aka ƙona wuraren ibada, aka bar tabon da ya daɗe bai warke ba tsakanin maƙwabta. Duk da haka ikilisiya ba ta watse ba, hasali ma a ƙarshen shekarun 1990 Wusasa ta samu bishop nata na kanta. Dalili kuwa a fili yake. Abin da aka gina a kan kuɗin Bature yakan tafi tare da Bature, amma sharar Asabar da taron mata da ziyarar marasa lafiya ba su taɓa dogara da aljihun kowa ba sai na masu yin su.

Abin da nake jin tsoro shi ne mantuwa. A majami'un birane yanzu ana raba sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, kuma matasa sun fi cika ta Turanci. Tsofaffin da suka san waƙoƙin zumunta na da, suka san wace ce ta fara shugabantar mata, suka ji labarin Gimi daga bakin iyayensu, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Littattafan rajista da na bayanin taro, waɗanda aka rubuta da Hausa tsantsa, suna cikin akwatuna gara na neman su. Mu kuma marubuta, in mun tashi saka Kirista a labari, sai mu ɗauko baƙo daga Kudu mai gurɓatacciyar Hausa, alhali ga Bahaushe ɗan uwanmu mai suna Bulus ko Rahila ko Ishaya, wanda ya fi wasunmu iya karin magana.

Don haka ina kira ga 'yan uwana marubuta, musamman na Zariya da Kaduna, da ɗaliban sashen Hausa na jami'o'inmu, wanda ya samu hali ya je Wusasa ya yi sallama, ya zauna da tsofaffin nan da takarda da biro tun suna raye. Sanin yadda maƙwabcinka yake tafiyar da makonsa ba ya rage maka komai a addininka, sai dai ya rage zato da jita-jita, waɗanda su ne makamashin duk wata fitina da muka gani a ƙasar nan.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da juna. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.