Daga Zango Zuwa Zauren Majalisa: Tarihin Yin Doka a Jamhuriyar Benin da Matsayin Mutanen Paraku da Jugu

Gabatarwa

A ranar 24 ga Agusta, 2004, Shugaba Mathieu Kérékou ya rattaba hannu a kan dokar iyali ta Jamhuriyar Benin. Daga wannan rana, hukuma ta daina sanin kowane sabon aure sai na miji ɗaya da mace ɗaya, wanda aka ɗaura a gaban jami'in gwamnati. A garuruwan Paraku da Jugu, waɗanda Faransawa ke rubutawa Parakou da Djougou, inda Musulmi suke da yawa kuma Hausawa suke da tsofaffin zanguna, wannan doka ta shiga har tsakar gida: ta taɓa aure, ta taɓa sadaki, ta taɓa gado. Amma ba dare ɗaya ta faɗo ba. Ta yi shekaru tana tafiya daga mataki zuwa mataki, kuma a kowane mataki akwai ƙofar da talaka zai iya leƙawa. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ake yin doka a wannan yanki tun zamanin fatake, sannan ta ɗauki dokar iyali a matsayin misali, domin ɗalibi ya ga inda waɗannan ƙofofi suke.

Dokar da ake yi a gaban idon mai ita

Paraku da Jugu sun bunƙasa ne a kan hanyar fataucin goro da ta haɗa Kano da Gwanja. Ayarin fatake yakan taso daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da fatu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, kafin ya isa Salaga. A Jugu, sarki yana zaune a unguwar Kilir, 'yan kasuwa Musulmi kuma a unguwarsu ta Wangara, inda harshen Dendi ya zama harshen ciniki.

A wannan zamani ƙa'idojin zama iri biyu ne. Abin da ya shafi hanya da kasuwa, kamar kuɗin fito da garamar da ayari zai biya, madugu ne yake daidaitawa da sarkin ƙasa baki da baki. Abin da ya shafi aure da gado da bashi a cikin zango kuwa, liman da malamai ne suke yanke shi bisa fiƙihun Malikiyya. Tsarin yana da nasa zalunci, domin bawa ba shi da ta cewa, mace ma muryarta ba ta nisa. Sai dai yana da siffa guda wadda ta ɓace daga baya: mai yin hukunci yana kusa, kuma da harshen da aka sani yake magana.

Dokar da ke zuwa daga nesa

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta raba Bargu gida biyu: Busa ta faɗa hannun Ingila, Nikki da Paraku da Jugu suka shiga mulkin Faransa a ƙasar da aka kira Dahomey. Daga nan doka ta zama takarda. A Paris ake rubuta ta, babban gwamna a Dakar ya fitar da umarnin aiwatarwa, kwamandan yanki ya sanar ta bakin tafinta. A ƙarƙashin dokar 'yan ƙasa ta wancan lokaci, kwamanda yana da ikon cin tarar mutum ko tsare shi na 'yan kwanaki ba tare da shari'a ba. Wanda ba shi da hanyar ƙin doka da baki yakan ƙi ta da makami, kamar yadda Bio Gera ya yi a Bargu a 1916.

A 1931 Turawa suka tattara al'adun ƙabilun ƙasar a wani kundi da ake kira Coutumier du Dahomey, ya zama abin da alƙalai ke dubawa a shari'ar aure da gado. A 1946 aka soke dokar 'yan ƙasa, aka kafa majalisar yanki ta zaɓaɓɓu. Da aka sami 'yancin kai a ranar 1 ga Agusta, 1960, ɗan Paraku ne, Hubert Maga, ya zama shugaban ƙasa na farko. Amma juyin mulki ya yi ta biyo juyin mulki, har Kérékou ya karɓi ragama a ranar 26 ga Oktoba, 1972. A mafi yawan waɗannan shekaru da umarnin shugaba ake mulki, kuma majalisar juyin juya hali da aka zaɓa a 1979 ta jam'iyya ɗaya ce tilo.

Taron 1990 da sabon tsari

Daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu, 1990, wakilan ɓangarorin al'umma suka yi babban taron ƙasa a Kwatano, ƙarƙashin jagorancin babban limamin Katolika Isidore de Souza. Jama'a sun bi muhawarar ta rediyo. Taron ya haifar da tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama, aka zartar a ranar 11 ga Disamba, 1990. Ga yadda ya shimfiɗa tafiyar doka.

Mataki na farko shi ne ƙuduri, wato daftarin da bai zama doka ba tukuna. Shugaban ƙasa yana da ikon gabatar da shi, kowane ɗan majalisa ma haka. Idan na gwamnati ne, sai majalisar ministoci ta tattauna shi kafin a aika da shi Majalisar Dokoki da ke Porto-Novo.

Mataki na biyu shi ne kwamiti. Ana miƙa ƙudurin ga ɗaya daga cikin kwamitocin dindindin, kamar na dokoki ko na kuɗi, ya yi nazarinsa sashe-sashe, ya saurari minista da masana, ya rubuta rahoto. A nan ne gyara ya fi sauƙi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na uku shi ne zauren majalisa, inda ake muhawara a jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin ya tsara zama biyu na yau da kullum a shekara, ɗaya yana buɗewa a Afrilu, ɗaya a Oktoba, kowanne ba ya wuce wata uku. A zaman Oktoba ake duba kasafin kuɗi.

Mataki na huɗu shi ne zartarwa. Shugaban ƙasa yana da kwana 15 ya sa hannu, ko kwana 5 idan majalisa ta ce abin na gaggawa ne. Yana iya mayar da dokar a sake dubawa, kuma majalisa ba ta da ikon ƙin wannan buƙata. Idan ya ƙi sa hannu bayan haka, Kotun Tsarin Mulki tana iya ayyana dokar a matsayin mai aiki. Daga nan sai a buga ta a jaridar gwamnati.

Ita wannan kotu mai alƙalai bakwai, wadda ta fara aiki a 1993, ita ce babbar sabuwar aba. Shugaban ƙasa ko kowane ɗan majalisa yana iya kai mata doka kafin a zartar. Sashe na 3 da na 122 kuma sun ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙarar doka gabanta kai tsaye, ko ya tayar da maganar a tsakiyar shari'ar da ake yi da shi a wata kotu. A Faransa kanta, wadda aka gaji tsarin shari'arta, sai a 2010 mai shari'a ya sami irin wannan dama ta biyu.

Tafiyar dokar iyali

Tun tsakiyar shekarun 1990 daftarin dokar iyali yake gaban majalisa. Ƙungiyoyin mata lauyoyi sun yi ta bibiyarsa, suna rubutu, suna ganawa da 'yan majalisa. A watan Yuni na 2002 majalisa ta amince da shi. A wannan siga ta farko, an bar wa ma'aurata zaɓi tsakanin auren mace ɗaya da auren mace fiye da ɗaya.

Kafin zartarwa sai aka kai dokar gaban Kotun Tsarin Mulki. Cikin waɗanda suka kai ta har da 'yar majalisa Rosine Vieyra Soglo. A hukuncinta na 23 ga Disamba, 2002, kotun ta ce wannan zaɓi ya saɓa wa sashe na 26 na tsarin mulki, wanda ya daidaita namiji da mace a gaban doka, tunda namiji ne kaɗai zai iya ƙara aure. Dokar ta koma majalisa, aka gyara ta a watan Yuni na 2004, aka zartar a watan Agusta.

Abin da ya fito ya sha bamban da abin da zango ya saba da shi. Shekarun aure 18 ne ga namiji da mace. Sadaki ya zama alama kawai. Auren da jami'in gwamnati ya ɗaura ne yake da tasiri a kotu. 'Ya mace da ɗa namiji rabonsu ɗaya a gado, alhali a Malikiyya namiji yana da rabon mata biyu. Al'ada kuma ta daina zama doka a duk abin da sabuwar dokar ta tsara. Aurarrakin da aka riga aka ƙulla kafin dokar ba a rushe su ba.

A aikace, ana ci gaba da ɗaura aure a masallatai a Paraku da Jugu, ana kuma ƙara aure. Matsalar takan taso ne ranar da mai gida ya rasu aka kasa sasantawa a gida. Idan maganar ta kai kotu, matar da aka aura ta biyu bayan 2004 za ta tarar cewa doka ba ta san aurenta ba, ko da ta san 'ya'yanta. Mutum yana iya ganin dokar a matsayin kariya ga mata, wani kuma ya gan ta a matsayin watsi da addininsa; duka biyun suna da hujjar da za su kafa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, waɗanda suka bi ƙudurin tun yana kwamiti su ne suka yi tasiri a kansa.

Ƙofar kotun ba ado ba ce. A 2006 'yan majalisa suka gyara tsarin mulki domin ƙara wa'adinsu daga shekara huɗu zuwa biyar, kotun ta rushe gyaran. A 2009 ta soke sassan dokar laifuka da suka fi tsananta wa mace fiye da namiji a kan zina, bayan an tayar da maganar a tsakiyar wata shari'a. Akwai kuma darasi na ɗaya ɓangaren: dokokin zaɓe da na jam'iyyu da aka yi a 2018 su ne suka kai ga zaɓen Afrilun 2019, wanda jam'iyyu biyu kacal masu goyon bayan gwamnati suka shiga, aka kuma yi tarzoma da asarar rayuka. Da yawa ba su gane nauyin waɗannan dokoki ba sai da suka fara aiki.

Yadda ake bin sawun doka

Mai son bin doka daga Paraku ko Jugu yana da hanyoyi sanannu. Majalisar ministoci takan zauna ranar Laraba, kuma babbar sakatariyar gwamnati tana wallafa bayanin zaman a intanet, tare da dokokin da aka zartar. A nan ake fara jin cewa an aika da wani ƙuduri majalisa. Majalisar tana da gidan rediyonta, Radio Hémicycle, mai watsa muhawarori. Kotun Tsarin Mulki tana wallafa hukunce-hukuncenta, kowanne da lambarsa da shekararsa. Sannan akwai ɗan majalisa: tun zaɓen 2023 kujerun majalisa 109 ne, 24 daga ciki an keɓe wa mata, ɗaya a kowace mazaɓa. Tambayar da ta dace a yi wa wakili idan ya zo gida ita ce: wane kwamiti kake, kuma wane ƙuduri ne a gabanku? Mafi kusa duka ita ce majalisar gari. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen 2002, ƙasar tana da ƙananan hukumomi 77 masu zaɓaɓɓun kansiloli, kuma a nan ake yanke maganar kasuwa da tasha da filaye.

Babban shingen shi ne harshe. Da Faransanci ake rubuta doka, da shi ake muhawara, alhali cinikin kasuwar Arzeke ta Paraku da Dendi da Batonu da Hausa da Fulfulde da Yarbanci ake yin sa. Tsarin mulkin ya san da wannan giɓi, domin sashe na 40 ya ɗora wa hukuma yaɗa sanin haƙƙoƙin ɗan Adam cikin harsunan ƙasa, musamman ta rediyo da talabijin. Amma fassara doka bayan ta fito daban, fassara ƙuduri tun yana hanya daban. Ta farko sanarwa ce; ta biyu ce take ba mutum damar magana.

Kammalawa

A zamanin fatake, madugu yana zama gaban sarki ya yi ciniki a kan abin da ayarinsa zai biya. Zamanin Turawa ya ɗauke wannan zama ya kai shi Paris. Tsarin 1990 ya dawo da wani abu daga cikinsa, sai dai ya ajiye shi a kudu, fiye da kilomita 400 daga Paraku, cikin harshen da yawancin mutanen zango ba sa karantawa. A nan ɗalibin Hausa yake da aiki. Bambanta ƙuduri da doka, da bambanta amincewar majalisa da zartarwar shugaba, da iya bayyana sashe ɗaya na daftari cikin Hausa mai tsabta a rediyo ko a zaure, duk ilimi ne da wata mata a Jugu za ta iya buƙata ranar rabon gado. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.