Abin da ke kwance a ƙarƙashin filayen dagar 1903

1/
Jama'a ga zare, yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

Akwai wasu Turawa da abin sha'awarsu ranar hutu shi ne su ɗauki na'urar gano ƙarfe su shiga gonakin da aka taɓa gwabza yaƙi, suna tono harsasai da maɓallan kakin soja. Mu ma muna da irin filayen nan, kuma ayarin da ya ci Kano da Sakkwato daga nan Zariya ya tashi.

2/
Na'urar ita ce dai wadda kuka sani, 'yar uwar wadda ake shafa wa mutum a ƙofar banki. Faifai ne a ƙarshen sanda, yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, in ya haɗu da ƙarfe sai ta yi ƙara. Soja suka fara cin moriyarta sosai: wani hafsan Folan, Józef Kosacki, ya ƙera ta gano nakiyoyi a 1941, aka yi aiki da ita a yaƙin El Alamein na Masar a 1942. Daga baya ta faɗo hannun farar hula.

3/
Kar a raina 'yan sha'awar nan fa. A 1987 wani hafsan sojan Ingila da ke aiki a Jamus, Tony Clunn, ya tsinci kuɗin Rumawa a Kalkriese, shekara ta zagayo ya samo dalmar majajjawa. Daga nan masana suka bi sawu, har yau ana ɗaukar wurin a matsayin inda aka hallaka rundunonin Rum uku a shekara ta 9 miladiyya. An yi ɗaruruwan shekaru ana musun inda filin yake.

4/
Wanda ya fi shafarmu shi ne na Amurka. A 1876 Indiyawan daji, Lakota da Cheyenne, suka gama da Kanar Custer da mutanensa a Little Bighorn. Littattafai suka yi ta cewa sojan sun tsaya ƙyam har mutum na ƙarshe. Gobara ta cinye ciyawar filin a 1983, sai a 1984 da 1985 masu binciken kayan tarihi, Douglas Scott da Richard Fox, suka gayyato masu na'ura suka bi wurin layi-layi.

5/
Ga dabarar. Duk kwanson harsashin da aka samu, sai an sa masa lamba a taswira kafin a ɗaga shi. Kowace bindiga tana barin tabonta a gindin kwanso, kamar zanen yatsa. Da haka suka riƙa bin bindiga guda daga inda ta fara harbi zuwa inda ta yi shiru. Fox ya ce abin da ƙasa ta nuna shi ne sahun sojan ya watse, kowa ya yi ta kansa. Abin da tsofaffin Indiyawa suka daɗe suna faɗa ke nan ba a saurare su ba.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/
To mu dawo gida. Zazzau ba ta yi babban karo da Nasara a bakin ganuwa ba. A 1902 suka shigo suka kafa sansani, Kyaftin Abadie da ake ce wa Mai Jimina ya zama Razdan. Ba a daɗe ba suka kama Sarki Kwasau suka fitar da shi daga gari, a 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Saboda haka wanda ya ɗauki na'ura ya zo nan Dutsen Abba neman filin dagar Bature, wahala kawai zai sha.

7/
Abin da Zariya ta zama shi ne matattara. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Lugga ya sami hujjar da yake nema. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya fita daga Zariya da soja baƙar fata sama da 700, Turawa 'yan talatin da wani abu, igwa huɗu, bindiga mai ruwa huɗu, ga 'yan dako.

Kuma a faɗi gaskiya, da yawa daga cikin masu riƙe da bindigogin nan Hausa suke ji.

8/
Ran 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa. Ran 3 suna Kano, Sarki Alu yana can ya tafi Sakkwato. Sun fara gwada wata ƙofa, badala ta shanye harsasan igwa kamar ba a yi ba, sai suka zaga suka shiga ta Kabuga. Wurin nan yanzu kwalta ne da gidaje da shaguna, ba sauran abin da na'ura za ta karanta.

9/
Kwatarkwashi ce ke hana ni barci. Ƙarshen Fabrairu 1903 rundunar Kano tana kan hanyar dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu, ta yi kiciɓis da 'yan sintirin Laftanar Wallace Wright. A nan Waziri ya yi shahada. Wright kuma aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila.

10/
Takardar lambar ta ce shi da hafsa ɗaya da soja 44 suka tare mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har awa biyu. Wa ya ƙirga dawakin? Wanda yake tsakiyar ƙura yana harbi, kuma girman lambarsa ya dogara da yawan waɗanda ya ce sun taso masa.

Ban ce ƙarya ya yi ba. Cewa na yi shaidar mutum ɗaya ce, kuma mai ƙara ne.

11/
Ku tuna Little Bighorn. Mutum 46 da suka yi sahu kusurwa huɗu suna harbi awa biyu, dole su bar tarin kwanson tagulla a ɗan ƙaramin wuri, kusan da siffar sahun nasu. Inda dalma ta zube zai nuna ta wace fuska mahaya suka riƙa zuwa. Linzami da likkafa da zoben sulke za su nuna iya inda doki ya kai kafin ya faɗi. Yawan kwanso zai gaya mana ko awa biyu aka yi ko ƙasa da haka.

Duk wannan sai in ba a taɓa kwashe su ba.

12/
Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris, a filin Giginya bayan gari. Gari ya riga ya haɗiye wurin. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, abin da ya tsorata Turawa fiye da yaƙin kansa.

13/
Sai Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau. Karo biyu aka yi. Ran 13 ga Mayu mutanen gari suka kora Kyaftin Sword baya. Ran 27 ga Yuli suka dawo da ƙarin ƙarfi, aka wuni ana yi. Kwamandansu Manjo Marsh kibiya ta kashe shi. Attahiru ya yi shahada tare da mutum sama da 600, a lissafin su Turawan. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, garin Mai Wurno yana nan a bakin kogin Nilu har gobe.

Tutar Attahiru sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na III.

14/
A Burmi ne na fara ja da baya da sha'awar. Wurin da mutum ɗari shida suka kwanta a yini ɗaya ai maƙabarta ce. A bidiyon Turawa za ka ga mutum ya ciro zoben soja yana murna yana nuna wa kyamara. Ɗan wani ne fa ya mutu da zoben a hannu. A ce wani ya je kushewar shahidai da shebur don ya sami abin ɗorawa a TikTok, wallahi ko tunaninsa ba daɗi.

15/
Kuma na'urar ta riga ta shigo ƙasar nan, sai dai ba tarihi take nema ba. Tana hannun masu haƙar zinare a dazukan Zamfara da Birnin Gwari da Neja. In ta yi ƙara aka tono aka ga kwanso ne, ko a yar ko a jefa a buhu. Ƙarshensa sikelin 'yan jari bola, tagulla kilo kaza naira kaza. Ba laifinsu ba ne, abinci suke nema, ba wanda ya taɓa gaya musu abin yana da wani amfani.

16/
Mun ga irin haka da gumakan yumɓu. A shekarun 1990 aka yi ta haƙe na Nok da na yankin Kwatarkwashi ɗin nan dai ana fita da su Turai, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari. Gumakan suna nan a ɗakunan masu kuɗi. Ramin da aka ciro kowanne, da abin da ke kwance kusa da shi, shi ne ya tafi ba dawowa.

17/
Kwanson harsashi ya fi gunki rauni a wannan fannin. Gunki ko an raba shi da wurinsa yana da kyan kallo. Kwanso in ka ɗaga shi ba ka rubuta inda yake ba, ya zama ƙarfen banza, irinsa miliyoyi aka ƙera. Mutum goma masu na'ura da kyakkyawar niyya za su iya share filin Kwatarkwashi a sati guda.

18/
Doka: tun 1979 da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, ba a haƙar kayan tarihi ko fita da su waje sai da izininta. Ingila ta bi wata hanya, ta yi dokar 1996 ta kuma buɗe tsarin da mai na'ura zai kai abin da ya tsinta a rubuta shi da wurin da ya fito. Da irin haɗin gwiwar nan aka gano ainihin filin yaƙin Bosworth na 1485 wajen 2009, kusan mil biyu daga inda aka daɗe ana nuna wa baƙi.

19/
Wani gargaɗi, ba wasa. Ba duk ƙarfen yaƙi ne ya mutu ba. Manoman Faransa da Beljiyam har yanzu garma na tono musu bama-baman yaƙin 1914 zuwa 1918 masu rai. A kudu maso gabashin Najeriya akwai ragowar na yaƙin basasa, a Borno da Yobe kuma ba sai na faɗa ba. In ka ga ƙarfe mai siffar kwalba ko gwangwani a daji, kar ka taɓa, kar ka buga, ka sanar da hukuma.

20/
Ko da an yi komai bisa ƙa'ida, na'urar kanta tana da son kai. Tagulla da dalma suna daɗewa a ƙasa, ƙararsu kuma tsaf take fita. Baƙin ƙarfe tsatsa ke cinye shi, kuma yawancin masu sha'awar nan suna saita na'urarsu ta yi watsi da shi don kar su ɓata lokaci kan ƙusa.

To wa ke da tagulla da dalma a 1903? Wa ke da baƙin ƙarfe?

21/
Namu makaman tsinin kibiya ne da mashi da takobi, aikin maƙera. Baka itace ne, garkuwa fata ce, lifidi auduga ne, duk gara ta gama da su tuntuni. Akwai bindigogi a hannun bayin sarki, amma ba su kai a kwatanta ba. Ka ga ke nan in ba a yi hankali ba, na'ura za ta sake ba mu labarin Bature ne karo na biyu: inda ya tsaya, inda ya harba. Wanda zai yi aikin nan a ƙasar Hausa sai ya tono kowace ƙara, har ta ƙusa.

22/
Kuma muna da masu iyawa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, tun shekarun 1970 John Sutton ya yi aiki kan tsofaffin matoyar tama a Samaru ta Yamma. Mutanen da suka saba karanta kashin tama ba za su raina guntun ƙarfe mai tsatsa ba. Rahotannin Turawa suna gidan adana takardu na Kaduna, labarin baka yana bakin jikokin waɗanda aka yi abin a gabansu. Na ukun ne ke kwance a gona.

23/
Na bar Satiru ƙarshe da gangan. Ƙauye ne kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. A Fabrairu 1906 talakawa da bayin da suka gudo, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, suka tarwatsa rundunar sojan doki. Suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da soja 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Yawancinsu gatari da fartanya ne a hannunsu.

24/
Ran 10 ga Maris aka dawo musu, sojan Turawa da dakarun sarakuna tare. An kashe wajen mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin. Sarkin Musulmi Attahiru na II ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

25/
A ko'ina in na'ura ta yi ƙara ka tono ruwan fartanya, za ka ce wani manomi ne ya yar. A kufan Satiru, inda aka hana noma tun 1906, ruwan fartanyar da aka samu kwance tsakanin kwanson harsasai sai a auna tazararsa da inda sahun soja ya tsaya, a ga taku nawa ya rage wa mai ita.