Ambulan mai kauri da ambulan siriri: tarihin jiran admishan a Amurka

Yau Amurka za mu leƙa, amma duk wanda ya taɓa kwana yana buɗe shafin JAMB yana rufewa, ko sunansa ya fito, zai ji maganar nan a jikinsa.

A can, ɗalibin da ke neman manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton yana da ƙofa biyu. Akwai sahun farko: ka tura takardunka zuwa 1 ga Nuwamba, ka ji sakamako a tsakiyar Disamba. Akwai kuma sahun gama-gari: ka tura a farkon Janairu, ka zauna jira har ƙarshen Maris, sannan a ba ka zuwa 1 ga Mayu ka zaɓi inda za ka. Shi sahun farkon ma iri biyu ne. A wasu jami'o'in kana sa hannu, kai da mahaifinka ko mahaifiyarka da malamin da ke ba ka shawara a makaranta, cewa in an ɗauke ka to nan za ka zo, ka janye duk sauran takardun da ka tura. A wasu kuma ba ɗauri, an dai gaya maka da wuri ne kawai.

In ka ji haka sai ka ce ai tausayin yara ne, an rage musu zullumin wata uku. To tarihi ba haka ya nuna ba. Zullumin da aka fara yi wa magani na jami'a ne.

Kafin yaƙin duniya na biyu, ɗan masu hali da ya fito daga makarantun kwana irin su Andover da Exeter ba ya wani jira. Kusan ya san inda zai je tun yana aji. Bayan yaƙi lissafi ya canza. Dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu ta cika jami'o'i, masu nema suka yi yawa, kowa ya fara tura takarda wuri uku, wuri huɗu. Nan matsala ta faɗo kan ofishin admishan. In kana da gado dubu a ɗakunan kwana, mutum nawa za ka aika wa takardar ɗauka? Ka aika da yawa su zo duka, ba wurin kwana. Ka aika kaɗan su tafi wani wuri, ga ɗakuna fayau, ga kuɗin makaranta ya tafi.

A shekarun 1950 Harvard da Yale da Princeton suka ɓullo da wata dabara. Sukan je makarantun da suka saba ɗiban yara, su ba kowane ɗalibi harafi tun kafin lokaci: A, B ko C. Mai A ya san an gama, ba sai ya nemi wani wuri ba. Wannan ya ƙona ƙananan kwalejoji irin su Amherst da Williams da Dartmouth, waɗanda kullum manyan ke ƙwace musu zaƙaƙuran yara. Sai suka ce to mu ma za mu ba ka amsa da wuri, amma da sharaɗi: in mun ɗauke ka, kai namu ne. Asalin sahun farko mai ɗaure ɗalibi ke nan, a ƙarshen shekarun 1950, kuma manyan kwalejojin mata suka bi sahu.

Abin bai zama annoba ba sai da mujallar U.S. News ta fara jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ƙasa a 1983. Daga baya cikin ma'aunanta har da wannan: a cikin waɗanda kika ɗauka, nawa ne suka zo? Ku duba fa. Yaron da ya sa hannu tun Nuwamba, zuwansa tabbas ne. In ka cika rabin aji da irinsu, sauran kujerun sun ragu, sai ka yi ta korar masu neman sahun gama-gari, adadin da ka ɗauka ya yi ƙasa, ka fito a jarida kamar jami'ar da shigarta sai mai tsananin rabo. Riba biyu. A tsakiyar shekarun 1990 har Yale da Princeton suka koma tsarin ɗauri.

Wa abin ya ci? Ɗan talaka. Kuɗin karatu a irin waɗannan jami'o'i, in ka haɗa da masauki da abinci, yanzu ya haura dala dubu 80 a shekara a da yawansu. Mai neman tallafi yana buƙatar ya ajiye takardun jami'a uku a gabansa ya ga wacce ta fi sauƙaƙa masa. Wanda ya ɗaure kansa da guda ɗaya ya rasa wannan cinikin. Eh, ana iya sakinsa in tallafin ya gaza, amma bai ga tayin kowa ba balle ya kwatanta. Ɗan mai kuɗi kuwa ko a jikinsa. Ga shi makarantarsa tana da malamin da ya san dabarar tun yaro na aji biyar. A 2001 James Fallows ya yi wa tsarin kaca-kaca a mujallar The Atlantic. A 2003 wasu masu bincike uku, Avery da Fairbanks da Zeckhauser, suka fitar da littafi bayan nazarin takardun ɗalibai masu ɗimbin yawa, suka gano cewa nema a sahun farko kaɗai yana daidai da ƙarin maki kusan 100 a jarrabawar SAT. Ba ƙarin ilimi ba fa, saurin tura takarda kawai.

Nan ne wurin da ya fi burge ni a labarin. A Satumban 2006 Harvard, ƙarƙashin shugaban riƙo Derek Bok, ta ce ta soke sahun farko gaba ɗaya, domin yana fifita waɗanda dama suna da gata. Princeton da Jami'ar Virginia suka bi ta cikin 'yan makonni. Aka zauna ana jiran sauran. Shiru. Yale da Stanford suka riƙe nasu, suna kwashe yaran da ba sa son jiran Maris. A Fabrairun 2011 Harvard da Princeton suka lashe amansu, suka dawo da sahun farko marar ɗauri, amma da sharaɗin kada ka nemi sahun farkon wata jami'a mai zaman kanta a lokaci guda. Ni a ganina wannan ya nuna komai: ko mai arzikin Harvard bai iya sakin igiyar shi kaɗai ba.

Mu a Najeriya wata hanyar muka bi. Irin wannan ciwon ne, na mutum ɗaya ya riƙe admishan biyu ko uku alhali wani bai samu ko ɗaya ba, yana cikin dalilan kafa JAMB a 1978, aka tattara komai hannu ɗaya. Amurka ba ta da irin wannan hukuma, kowace jami'a gashin kanta take ci.

Shi kuwa jiran bai tafi ko'ina ba, kamanni ya canza. A da ambulan ake duba a akwatin gidan waya: mai kauri an ɗauke ka, don cike yake da takardun masauki, siriri kuwa ba sai ka buɗe ba. Yanzu shafin intanet ne, kuma jami'o'i takwas na rukunin Ivy suna sakin sakamako rana ɗaya a ƙarshen Maris. MIT ta zaɓi 14 ga Maris. Amsar ma ba "eh" ko "a'a" kawai ba ce: mai sahun farko ana iya ɗage shi zuwa Maris, na Maris kuma a sa shi a layin jira har bayan Mayu. A 2022 mutum fiye da dubu 61 suka nemi Harvard, ta ɗauki ƙasa da dubu 2, wato kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari. A sahun farko na zagayen nan kuwa, kusan kashi 8 ta ɗauka.