Melk: fadar da aka miƙa wa 'yan zuhudu

Wanda ya biyo kogin Danub a jirgin ruwa daga Linz zuwa Biyana, dutse zai fara gani kafin garin Melk na ƙasar Ostiriya. A kansa ga gidan zuhudu, wani dogon gini ruwan ɗorawa, da hasumiya biyu da ƙubba, ya leƙo bakin ruwa. Garin kuwa yana ƙasa, gidajensa a matse a gindin dutse.

Garin ya girmi gidan zuhudun. Tun 831 sunansa ya shiga takarda. A 976 aka naɗa Leopold na ɗaya, na zuriyar Babenberg, ya tsare bakin iyakar da garin yake, ya kafa fadarsa bisa dutsen don ya riƙa ganin duk abin da ya ratsa kogi. Nan aka kawo gawar Koloman a 1014, wani matafiyi ɗan Ayalan da mutanen Stockerau suka rataye bisa zargin leƙen asiri, alhali laifinsa kawai ba sa jin harshensa. Daga baya kabarin wannan baƙo ya zama wurin ziyara.

Da mulki ya matsa gabas, a 1089 Leopold na biyu ya miƙa fadar ga 'yan zuhudu daga Lambach, mabiya ƙa'idar Benedik: addu'a, aiki, karatu. Cikin ƙarni na 12 sun buɗe makaranta, suna kwafar littattafai da hannu. Gobarar 1297 ta cinye gidan da akasarin abin da suka rubuta. Suka sake ɗaukar alƙalami. Zuwa 1418 gidan ya farfaɗo har ya zama cibiyar gyaran tarbiyyar gidajen zuhudu a Ostiriya da kudancin Jamus.

Ginin da ake gani yau aikin wani tsohon shugaban gidan ne, Berthold Dietmayr. Ya ɗauko magini Jakob Prandtauer a 1702, aiki ya ci rayuwar maginin, ya rasu a 1726 bai ga ƙarshensa ba, sai Joseph Munggenast ya kammala a 1736. Bayan shekara biyu wuta ta sake tashi.

Masu yawon buɗe ido zinariyar cocin da zanen silin suke zuwa kallo. A ganina abin da ya riƙe gidan nan yana can ajin yara da ɗakin karatu. Lokacin da Sarki Joseph na biyu ya rufe ɗaruruwan gidajen zuhudu bayan 1780, yana cewa ba su da amfani ga jama'a, ilimin Melk ne ya kuɓutar da shi. Makarantar tana nan har yau, maza da mata.

Garin bai tsira daga baƙin tarihi ba. Daga 1944 zuwa 1945 'yan Nazi sun kafa reshen sansanin fursunoni na Mauthausen a barikin soja na Melk, inda fursunoni sama da 4,800 suka mutu suna haƙa ramukan masana'antar makamai.

Ɗakin karatun yanzu yana da littattafai kusan 100,000, ciki har da na rubutun hannu wajen 1,800, wasu a jere cikin bangon fata tun daga ƙasa har sama. Littafi ɗaya da ba ya nan ne ke sosa mini rai. Bayan yaƙin duniya na ɗaya kuɗi sun ƙare, gini yana neman gyara, sai suka rabu da Baibul ɗinsu bugun Gutenberg. An yi gwanjonsa a Amurka a 1926, yau yana jami'ar Yale.